ShutUp10++, Win11Debloat da WinUtil: wacce ta cancanci ka sakar mata Windows ɗinka?

Manhajojin rage wa Windows tarkace duk abu ɗaya suke nema kafin su fara aiki, wato ikon admin. Da ka danna Yes, abin da ka buɗe ya samu damar rubutu a rajistar Windows (ma'ajiyar saitunanta), ya kashe ayyukan bayan fage, ya dasa aikin da zai riƙa tashi da kansa, ya taɓa Defender, mai tsaron Windows daga ƙwayoyin cuta, in ya ga dama. Don haka ma'aunin da ya dace da su shi ne: kana iya ganin abin da za su taɓa tun kafin su taɓa, kuma in sun taɓa kana iya mayar da shi yadda yake?

Tsoron yana da tushe. A watan Afrilun 2022 aka bankaɗo wani rubutaccen umarnin PowerShell (manhajar ba Windows umarni a rubuce) mai suna Windows Toolbox da ke kan GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, wanda ya yi alkawarin share tarkace da sanya Google Play Store a Windows 11. Yana yin abin da ya ce ɗin, amma a cikinsa akwai layukan da aka murɗe don kada a gane su. Su ne ke janyo wasu umarnin daga intanet, su buɗe ɓoyayyen folda, su tsara ayyuka masu tashi da kansu, sannan su cusa wa burauza wani ƙari da ke karkatar da mutum zuwa shafukan damfara. Rubutun a buɗe yake kowa na iya dubawa, amma sai da ya yaɗu kafin a samu masu dubawar. Ita kuwa CCleaner, manhajar share tarkacen kwamfuta, a 2017 masu kutse suka shiga kamfanin da ke yin ta, aka raba sigar 5.33 mai guba ɗauke da sa hannun kamfanin na gaskiya ga kwamfutoci sama da miliyan 2.

Sannan a san iyakar ribar. Bayanan da Windows ke aikawa Microsoft suna bi ne ta wani aikin bayan fage mai suna DiagTrack, kuma ana sarrafa yawansu da AllowTelemetry a cikin HKLM\SOFTWARE\Policies\Microsoft\Windows\DataCollection. Lamba 3 tana aika har da bayanan zaɓi, 1 tana aika na dole kawai, 0 tana kashewa. Sai dai 0 ɗin a nau'o'in Windows na Enterprise da Education da Server kaɗai take aiki. A Home da Pro, ko ka rubuta 0, Windows tana ɗaukar ta a matsayin 1. Yawancin waɗannan manhajoji 0 ɗin suke rubutawa su nuna maka alamar an kashe, alhali abin da ka samu daga wannan saitin bai wuce wanda za ka samu da hannunka ba idan ka shiga Settings, Privacy & security, Diagnostics & feedback, ka kashe aika bayanan zaɓi. Tsayar da DiagTrack kansa yana rage zirga-zirgar, amma Edge da Office da Store kowanne yana da tasa hanyar.

O&O ShutUp10++ ta wani kamfani ce a Berlin, kyauta ce, fayil ɗaya ce da ba a girka ta. A cikin ukun ita ce mafi natsuwa, domin aikinta juya saiti ne, ba ta tumɓuke sassan Windows. Kowane saiti yana da bayani in ka danna shi, kuma an raba su da alama: kore ga wanda ba ya ɓata komai, rawaya ga mai ɗan tasiri, ja ga wanda bai kamata a taɓa ba sai da dalili. Kafin canjin farko tana tambayarka ka ajiye wurin komawa na System Restore, wanda ke mayar da Windows yadda take a baya, tana kuma iya fitar da zaɓinka a fayil don wata kwamfutar. Aibinta shi ne asalin rubutunta a rufe yake, wato da sunan kamfanin kake dogara. Wanda ya tsaya a kan kore ba zai ga matsala ba. Wanda ya zaɓi a aiwatar da duka kuwa, zai iya tarar da makirufo ko kyamara sun daina aiki a wasu manhajoji, kuma Settings za ta fara cewa wata ƙungiya ce ke kula da wasu saitunan. Wannan saƙon ba kutse ba ne, alama ce cewa an rubuta doka a rajista, shi ya sa maɓallin ya ƙi dannuwa.

Win11Debloat ita ce ta fi sauƙin bincike. Rubutun PowerShell ne a GitHub, kuma yawancin canje-canjenta ƙananan fayilolin rajista ne da za ka buɗe da Notepad ka karanta cikin minti ɗaya, da yawansu suna da takwaransu na warwarewa. Jerin manhajojin da za ta cire ma a fili yake, kana iya tsame wanda kake so. Inda ake tuntuɓe shi ne cirewar kanta. Remove-AppxPackage yana cire manhaja daga asusun mai amfani, shi kuwa Remove-AppxProvisionedPackage yana cire ta daga inda Windows ke ɗauko ta ga sabon asusu. Saiti ana juya shi baya, amma manhajar da aka cire ta hanya ta biyu sai an sake sauko da ita, kuma in Store ɗin na cikin abin da aka cire, to an sare hanyar.

WinUtil ta Chris Titus Tech ta fi su yawan aiki: girka manhajoji, gyare-gyare, sarrafa sabuntawa. Rubutunta a buɗe yake, idanu da yawa na kanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka saba buɗe ta, da layi guda mai haɗa irm da iex. Na farkon yana sauko da rubutu daga adireshi, na biyun yana aiwatar da shi nan take da ikon admin, ba tare da ka ga ko layi ɗaya ba. Abin da ka gudanar yau ba lallai shi ne na makon jiya ba, kuma kuskuren harafi ɗaya a adireshin ya isa ya kai ka gidan wani. Gara ka sauko da fayil ɗin daga shafin fitarwa na GitHub, ka ajiye, ka gudanar da wannan sigar. Akwai kuma wata ƙaramar matsala a maɓallin warwarewa: ƙimar da yake mayarwa ita ce wadda aka rubuta a cikin manhajar a matsayin ta asali, ba lallai wadda ke kwamfutarka kafin canjin ba. Zaɓin kashe sabuntawa gaba ɗaya kuwa, kada ka kusance shi. Ana fitar da facin tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma kwamfutar da ba ta karɓarsa ta fi tona asirin mai ita fiye da duk wani rahoto da Microsoft ke tarawa.

Ɓarnar da aka fi gani ba ta fitowa a ranar, sai bayan makonni, lokacin da mutum ya manta abin da ya danna. A cire WebView2, sabuwar Outlook da Teams su ƙi buɗewa, domin a kansa suke zana fuskarsu. A cire App Installer, winget, umarnin girka manhajoji, ya ɓace. A cire Xbox Game Bar, duk sanda aka buɗe wasa sai taga ta fito tana neman abin da zai buɗe ms-gamingoverlay. Masu toshe adireshin Microsoft a fayil ɗin hosts, inda Windows ke duba adireshin shafi kafin ta tambayi intanet, su ma suna jawo rigima biyu: Defender yana ɗaukar canjin a matsayin SettingsModifier:Win32/HostsFileHijack, kuma wasu adireshin da aka toshe su ne Store da sabuntawa ke bi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Windows ɗin da wani ya riga ya yanke ya ɗora a intanet a matsayin ISO, wato fayil ɗin girka Windows, wannan babu abin dogon nazari a kai. Ba ka da hanyar sanin me aka ƙara a ciki, kuma da shi za ka rubuta kalmar sirrin banki. Ko tiny11, wata yankakkiyar Windows 11 wadda mai ita ya fitar da rubutun da za ka gina naka daga ISO na Microsoft, sigarta ta core tana cire WinSxS, ma'ajiyar sassan Windows da sabuntawa ke dogara da ita, shi ya sa ba ta karɓar sabuntawa bayan girkawa. Ta gwaji ce, ba ta aikin yau da kullum ba.

In za ka yi, fara da duba cewa System Protection, wanda ke ajiye wuraren komawa, a kunne yake a kan faifan C, domin a kwamfutoci da yawa a kashe yake zuwa. Ka ƙirƙiri wurin komawa da hannunka, saboda idan rubutu ne ya nemi a yi, Windows tana tsallakewa muddin an riga an yi wani cikin awa 24. Ka ajiye makullin dawo da BitLocker, tsarin da ke kulle faifai, a wajen kwamfutar, ka kwafe fayilolinka. Daga nan ka cire tarkacen da ke ciruwa ta Settings, ka kashe lambar talla da bayanan zaɓi a can. Abin da ya rage ka bar wa ShutUp10++ a kan kore, ko Win11Debloat bayan ka karanta jerin. Manhaja ɗaya ta isa, domin in ka haɗa biyu ba za ka gane wacce ta ɓata ba. Ka kunna Diagnostic Data Viewer na Microsoft ka ga abin da ke fita kafin canji da bayansa, sai dai yana iya cin wuri har gigabait 1. Bayan kowace babbar sabuntawa ta shekara, irin 24H2, ka sake dubawa, domin tana iya mayar da wasu saitunan da wasu manhajojin da ka cire.