Dooky Chase's, gidan abincin da aka yi taron neman 'yanci a benensa

Duk wanda hanya ta kai shi New Orleans a Amurka, ina ba shi shawara ya ware lokaci ya ci abincin rana a Dooky Chase's, a kan titin Orleans, unguwar Tremé. Ni da maigidana daga Houston muka taso a mota, tafiyar kusan awa shida, kuma ban yi da-na-sanin kuɗin man ba.

Bari in fara da abin da zai fi damun Musulmi. Abincin da gidan ya yi suna da shi, wato gumbo, miya ce mai kauri da ake zuba wa shinkafa, amma ana sa mata tsiran alade. Haka ma wake da shinkafa na garin, yawanci da naman alade ake dafa su. Mai kawo mana abinci ta fayyace mana abin da ke cikin kowane kwano ba tare da ta ƙosa da tambayoyinmu ba, sai muka koma ɓangaren abincin ruwa. Na ci Shrimp Clemenceau: jatan lande da dankalin Turawa da aka yanka ƙanana aka soya, da koren wake da naman kaza (wato mushroom, ba naman tsuntsuwa ba), cikin man shanu da tafarnuwa. Dankalin bai jiƙe ba, jatan landen bai yi tauri ba, tafarnuwar kuma ba ta danne sauran ba. Sai da na sa burodi na suɗe kwanon tas. Soyayyar kazarsu ta yi ta wucewa ta gabanmu zuwa wasu tebura tana ƙamshi, amma mun haƙura saboda batun yanka.

Ɗakin cin abincin yana da fararen ƙyallaye a kan tebura, bangonsa cike da zane-zanen baƙaƙen Amurka, har da aikin Jacob Lawrence da Elizabeth Catlett. Wannan tsari na Leah Chase ne, wadda ta auri ɗan masu gidan a 1946. An buɗe wurin a 1941, lokacin da baƙar fata ba shi da ikon zama a manyan gidajen abincin garin, ita kuwa ta dage sai mutanenta sun samu inda za a karɓe su da mutunci irin wanda ake yi wa Turawa. Ta rasu a 2019 tana da shekara 96, zuriyarta ke riƙe da gidan yanzu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakin bene. A garin nan aka kama Homer Plessy, wani mai jinin baƙar fata, a 1892 don ya zauna a taragon jirgin ƙasa na Turawa, shari'arsa kuma ta kai ga hukuncin Kotun Ƙoli na 1896 da ya halatta wariya. Lauyan da ya jagoranci rusa wannan ƙa'ida a makarantu a 1954, Thurgood Marshall, yana cikin masu hawa benen Dooky Chase's su ci abinci su tsara shari'a tare da A. P. Tureaud, lauyan ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP a garin. Martin Luther King ya zauna a nan. Matasan nan baƙaƙe da farare da suka hau motocin safa tare a 1961 don karya wariya a tashoshi, waɗanda aka ƙona wa mota a Anniston ta jihar Alabama, New Orleans suka nufa, kuma gidan nan ya ciyar da su. A lokacin doka ta hana baƙi da fari cin abinci a wuri ɗaya. Iyalan Chase sun san haka, suka ci gaba da zuba wa kowa, alhali sana'arsu kaf tana iya salwanta. Sai a 1964 dokar 'yancin jama'a ta haramta wariya a gidajen abinci.

Na ga wurare da yawa da ke cin albarkacin tarihi, girkinsu kuwa ya lalace. Nan ba haka ba ne, har yau tukunya ake girmamawa. Ko Barack Obama da ya zo a 2008 ya ɗauki yajin kwalba zai zuba a gumbo kafin ya ɗanɗana, sai da Leah Chase ta tsawata masa. Ambaliyar guguwar Katrina ta 2005 ta cinye gidan, tsohuwar nan ta zauna a tirelar agaji ta gwamnati kusa da shi har aka sake buɗewa a 2007.

Farashin ba na abincin tsaye ba ne, a zo da shiri. A kama tebur tun kafin ranar, a duba ranakun da suke buɗewa domin ba kullum ba ne, a kuma sa tufafi na kamala. Kafin a nemi kayan zaƙi a tambaya, don wasu ana zuba musu miya mai giya. Mai yara ya biya da su ginin tsohuwar makarantar William Frantz, tafiyar 'yan mintuna ce a mota, inda jami'an gwamnatin tarayya suka raka Ruby Bridges, baƙar yarinya ta farko da ta shiga wannan makaranta ta Turawa, aji ranar 14 ga Nuwamba 1960 tana 'yar shekara 6.