Murhun ƙarfe na kasuwar Sabon Gari

Wannan murhun mai tsimin itace da na saya a Sabon Gari gaskiya ya yi, faskare kaɗan ya dafa min tuwo da miya, hayaƙi ma ba yawa in dai itacen busasshe ne, ɗanye kam sai kin sha hawaye. Matsalarsa jikin na ɗaukar zafi sosai kuma ba su sa wa hannun katako ba, sai da tsumma, yara kuma a nisanta su. Don Allah 'yan uwa duk sanyin hunturun Zariya kar a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, iskar garwashi ba ta da wari, mutum na barci take kashe shi. Ni dai a tsakar gida nake girki, ina gamawa in kashe wutar da ruwa.