Hattara da masu sayar da gurbin tallafin karatun likita

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na iyaye ne, da ɗaliban da suka samu maki mai kyau a JAMB amma ba a ba su likitanci ba. Akwai mutanen da suka mayar da ku kasuwa. Wata sanarwa tana yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook, wai wata gidauniya daga ƙasashen Larabawa ta ware gurabe domin 'ya'yan talakawan Arewa su je karatun likita a waje kyauta, da kuɗin makaranta da masauki da abinci har da tikitin jirgi. Kama sunan da suke amfani da shi ba zai amfana muku komai ba, don kullum cikin canza shi suke: yau gidauniya, gobe kamfanin nema wa ɗalibai makaranta, jibi ofishin wani mai girma. Lambar waya ma haka. Salon karɓar kuɗin ne kawai ba ya canzawa, shi nake so ku gane.

Ni malamin bayoloji ne a sakandare, shi ya sa iyaye ke kawo mini irin waɗannan takardu in duba musu, wasu kafin su biya, wasu kuma bayan aikin gama ya gama.

Da kuɗin fom ake farawa, ɗan abin da ba zai sa mutum ya tsaya tunani ba. Bayan kwana biyu sai saƙon taya murna ya shigo, an zaɓi yaro. Duk wanda ya sayi fom ana zaɓarsa, har wanda ya faɗi kemistiri a WAEC, wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya ja baya. Sai a turo takarda mai hatimi da tuta da sa hannu, a saka uba cikin wani zaure wanda shugabanninsa kaɗai ke iya rubutu, ana ta zuba hotunan matasa da akwatuna a filin jirgi, wai rukunin farko ne suka tashi. Daga nan kuɗi ke fara hawa: na tantance takardu, na fassara su zuwa Larabci, na gwajin lafiya, na inshora, sannan babban, wanda suke kira ajiyar biza, da alkawarin za a mayar da shi da zarar yaro ya sauka. Kowane biya da wa'adinsa na awa 24 ko 48, kuma duk asusun wani mutum ake turawa, sunan da ke kan asusun ma ba shi ne na wanda kake magana da shi ba. In ka nuna shakka sai ka ji murya mai taushi: "Haba Alhaji, ranka ya daɗe, gurbi biyu ya rage, don Allah muke wannan aiki. Amma kada a yi ta yaɗawa, kason manya ne muka ɓoye wa yaron." Wannan roƙo na a yi shiru shi ne ginshiƙin sana'ar tasu, domin sun san ranar da ka nuna wa wani likita ko malamin jami'a takardar, ranar asirinsu zai tonu. Kuma ina roƙon mu daina ɗaukar yawan ambaton Allah a waya a matsayin shaidar gaskiya.

Ban ga laifin iyayen da suka faɗa ba. Guraben likitanci a Bayero da ABU Zariya da Ɗanfodiyo da Maiduguri ƙididdigaggu ne, hukumar likitoci ta MDCN ke yanka wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Jami'o'in kuɗi miliyoyi suke karɓa duk shekara, karatun kuma shekara 6 ne. Sudan da muka daɗe muna dogaro da ita saboda sauƙi da kusanci, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe ƙofarta, kamar yadda na Yukren ya koro ɗalibanmu a 2022. Uban da ke cikin wannan ƙunci, in aka ce masa ga kyauta, da wuya ya tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai kashi na biyu da ya fi ba ni tsoro, domin su ba gudu suke yi da kuɗin ba. Takardar shiga makarantar ta gaske ce, bizar ta gaske ce, yaro kuma yana tashi, a yi walima a raka shi filin jirgi. Sai ya sauka ya tarar abin da aka kira tallafi ragi ne kawai a kan kuɗin da dama an riga an kumbura, ko kuma na zangon farko ne kaɗai. Wani ya tarar ba likitanci aka rubuta masa ba, share fage ne ko wani kwas na kimiyyar lafiya, da cewa wai zai koma likitanci daga baya. Shi ejan, wato dillalin da ya nema wa yaron makarantar, ya riga ya karɓi la'adarsa daga makarantar a kan kowane kai da ya kawo, ya kuma karɓi na uba. Shekara ta biyu makaranta ta nemi dala ko yuro, uban da ya riga ya sayar da gona ba shi da abin sayarwa, yaro ya zauna a ƙasar mutane babu rajista, izinin zamansa ya ƙare, makaranta ta riƙe takardunsa saboda bashi. Hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa, ta ja kunnen iyaye game da tura yara Arewacin Cyprus a 2020, ta sake a 2022. Yankin nan Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, ba mu da ofishin jakadanci a can da yaro zai ruga in ya shiga matsala. Ban ce duk makarantun can ko duk ejan mugaye ne ba, amma a nemi takardar da makarantar da kanta ta rubuta, mai nuna sunan kwas da abin da za a biya tun daga shekarar farko har ta ƙarshe, a kuma tabbatar da ita ta adireshin da ke shafin makarantar, ba wanda ejan ya bayar ba.

Sannan ko an gama karatun, da sauran rina a kaba. Wanda ya yi likitanci a waje ba ya taɓa majinyaci a Najeriya sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN, sannan ya yi shekarar horo a asibiti. In hukumar ba ta amince da makarantar ba, zauren jarrabawar ma ba zai shiga ba. A 2022 ta fito ta ce ba za ta karɓi digirin likita da aka yi ta intanet daga Yukren ba. A Janairun 2024 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri a Kwatano cikin mako 6. Don haka tambayar farko ba nawa ne ba, a fara da ko MDCN ta san makarantar.

'Yan damfarar suna kuma fakewa da sunayen hukumomin gaske, sai a lura. TETFund malaman manyan makarantu take ɗaukar nauyin ƙaro karatunsu, ba ɗan da ya gama sakandare ba. PTDF fannonin man fetur da iskar gas ne aikinta. Shirin BEA na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, wanda ya riƙa kai ɗalibai Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary da Masar, ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shi a 2025, bayan ɗaliban da ke can sun daɗe suna kukan rashin biyan alawus. Wanda ya ce zai saka ɗanka a ɗayan ukun nan don ya yi likitanci a kan wani farashi, ƙarya yake yi. Jihohi irin su Kano da Jigawa da Katsina sun sha tura ɗalibai karatun likita a waje, amma a bainar jama'a ake sanarwa, ta ma'aikata ko hukumar tallafin karatu ta jiha, ofis ne da za ka taka da ƙafarka ka tambaya.

Ga wanda ya samu gurbi a jami'ar gwamnati a gida kuɗi ne suka gagara, akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka buɗe a Mayun 2024. Babu ruwa a cikinsa, makaranta ake biya kai tsaye, ɗalibi kuma a ba shi naira 20,000 a wata, biyan bashin sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Nema kyauta ne, ɗalibi ke cikewa da kansa a shafin da adireshinsa ya ƙare da gov.ng. Nan ma sun shigo, suna turo shafukan bogi, suna cewa a ba su BVN da NIN da lambar sirrin da banki ke turowa waya su cike wa yaro. Ƙannena ɗalibai, wannan lambar ko ma'aikacin bankinku bai da hurumin tambayarku ita.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko sisi, ko da an ce biyan ƙarshe ne ko kuɗin fito da na baya. Ya je bankinsa yau ɗin nan ya shigar da ƙorafi a rubuce, domin in an yi sauri akan iya riƙe asusun da kuɗin ya shiga. Ya adana rasit da saƙonni da muryoyin da aka turo masa kafin a goge zauren, ya kai wa EFCC ko 'yan sanda. In ya ba da fasfo ɗin yaro ko asalin takardun makaranta, ya faɗa a cikin ƙorafin, in kuma lambar sirri ya bayar, a rufe katin da manhajar bankin kafin ya bar wurin.