Injin buga maɓalli na hannu: wanne ya kamata baduku ya fara saya?

Tun ina yaro nake zaune gaban fata a nan Sakkwato, kuma tambayar da samari masu shigowa sana'ar dukanci suka fi yi mini yanzu ita ce: wane inji za su saya na buga maɓalli da ribit (ƙusar da ke haɗe fata biyu) a jaka, bel da takalmi? Amsata ba ta canzawa. Ka sayi na ƙarfen zubi mai hannu ɗaya, wanda ake ɗaurewa a kan teburi.

Aikinsa guda ne. Kana ɗaura masa kawuna biyu, wato ƙananan ƙarafan da ke matse maɓallin, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka sa maɓalli tsakani, ka ja hannun, sandar ta sauko a miƙe ta matse. Wannan saukowa a miƙe ita ce duk abin da kake biyan kuɗinka a kai. Fatar jar akuyarmu, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka sa mata sunan fatar Maroko, tana da laushi kuma ba ta da kauri. Idan bugu ya karkace ko da kaɗan, bakin maɓallin zai yanke ta, kuma ramin da ya yage ba ya ɗinkuwa ya yi kyau. Fatar da majemi ya kwana yana jiƙa ta da bagaruwa ba ta cancanci wannan ba. Da injin ƙarfen zubi, maɓalli na farko da na ɗari duk matsi ɗaya suke samu. Nauyinsa yana hana shi rawa, dogon hannunsa yana rage maka wahala a fatar saniya mai kauri, ba ruwansa da wutar lantarki, abincinsa ɗan giris ne da goge ƙurar hunturu. Nawa ya fi babban ɗana shekaru, sifirin kaɗai na taɓa canza masa.

Guduma da ɗan ƙarfen bugu kowa da su ya fara, ka ajiye su don gyara. Mai kama da filaya na kayan jarirai ne, bakinsa ba ya kaiwa tsakiyar jaka. Na ƙafa da na lantarki kuwa sai mai yara goma a shago.

Sai maganar kawuna, wadda masu saye ke mantawa har sai sun koma gida. Kowane maɓalli da nasa kan. Waɗanda ke zuwa daga Sin akwai masu lamba 655 na milimita 10, da 633 na milimita 12.5, da 831 na milimita 15, kuma kan ɗaya ba ya yi wa ɗaya aiki. Su ma injinan zarensu, wato inda ake murɗa kan sama ya shiga, ya bambanta: wani mai lamba M8 ne da ramin ƙasa milimita 19, wani M6 da rami milimita 12. Kafin ka biya, tabbata kawunan da ke shiga injinka ana samun su a Babbar Kasuwar Sakkwato ko a Ƙofar Wambai ta Kano, kada kai ɗaya ya lalace ka zauna jiran kaya wata biyu.

To amma abin da ya fi ci mini rai shi ne jabu. Wata shekara, saura kwana 9 Babbar Sallah, na karɓi aikin jakunkuna masu yawa, na ce bari in ƙara inji na biyu yarona ya kama mini. Na samu wani ɗan kasuwa, ya nuna mini ɗaya mai koren fenti yana ƙyalli, ya rantse ƙarfen zubi ne. Kwana na uku wuyansa ya karye a hannun yaron. Da na duba wurin karayar, fari ne fat kamar tukunyar sanholo, ashe alminiyam ne, a gefe kuma ga tsohon tsagu da aka cike da fila, abin toshe tsagu, aka shafe da fenti. Na koma, mutumin ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Jakunkuna 14 na mayar wa masu su bayan Sallah, ina ba da haƙuri gida gida, akwai wadda har yau ba ta sake kawo mini aiki ba. Da na kai wa tsohon maigidana ɓaraguzan, ya auna su a tafin hannu ya ce, "Ɗana, da ka ɗauke shi ka ji nauyinai, da ba ka biya ba." Na ce, "Haka ne, Baba."

Tun daga ranar ba na shiga kasuwa sai da mayen ƙarfe a aljihu. Ɗora shi a jikin injin: ƙarfen zubi yana kamawa, alminiyam ba ya kamawa. Kifa injin ka duba ƙasansa inda fenti bai kai sosai ba, ka ɗan kankara da makulli. Ƙwanƙwasa wuyansa ka saurara, inda aka cike da fila sautinsa a mace yake. Sauke sandar har ƙasa ka girgiza ta hagu da dama. In tana wasa tun tana sabuwa, bar musu kayansu. Ɗaura kawunan ka sauke a hankali ka ga ko na sama ya faɗa daidai tsakiyar na ƙasa. Mai kayan da ya hana ka gwadawa da guntun fatarka, ka yi masa sallama. Wanda kuma ya turo maka hoto a WhatsApp ya ce ka fara tura kuɗi, hoton ba ya nuna nauyi.

Har maɓallan kansu ana ha'inci a ciki. Za a ce maka na tagulla ne, alhali baƙin ƙarfe ne aka rina, damina ɗaya ya yi tsatsa ya ɓata jar fata da tabon da ba ya fita. A nan gwajin juyawa yake: idan mayen ƙarfe ya kama hular maɓallin da ƙarfi, ba tagulla ba ce.

Idan kuɗinka bai kai sabo na gaske ba, nemi tsoho a hannun badukun da ya rage aiki, ka kai wa makanike ya duba zaren. Ka saya masa kawunan 633 da na ribit tukuna, sauran ka ƙara idan aiki ya buƙata. Ka ɗaure shi da noti huɗu a katako mai kauri kafin ka ja hannunsa ko sau ɗaya.