Saba'in ta kunyata ni a shagon burodi

Shekara uku na yi a Kaunas, birni na biyu a Lituwaniya, kafin aiki ya kawo ni Aarhus ta ƙasar Danmak. Na iso ina taƙama, a ganina wanda ya sha fama da yaren Lituwaniya, inda suna ɗaya ke sauya wutsiya kala bakwai gwargwadon aikinsa a jimla, ba yaren da zai razana shi. Ashe da sauran rina a kaba.

Sati na biyu na shiga shagon burodi. Na ɗauki burodi da kofin gahawa, yarinyar shagon ta ce "halvfjerds". Na san "halv" rabi ne, sauran kuma ya yi min kama da huɗu, sai na raba arba'in biyu na miƙa kurona ashirin. Ta kalli kuɗin, ta kalle ni. Layi ya taru a bayana, kowa riƙe da kati ko waya, ni kaɗai ke lalube aljihu kamar baƙon ƙauye a Kantin Kwari. Saba'in take nufi! Ashirin-ashirin mutanen nan ke ƙirga: uku da rabi sau ashirin. Hamsin "halvtreds", casa'in "halvfems". Kakanninmu ma sun ƙirga wuri da hauya, wato ashirin-ashirin, amma ko su ba su kai nan ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, nan take ta koma Turanci tana murmushi. Haka suke duka. Mutum kusan miliyan 6 ke jin yaren Danmak, har Girinlan da tsibiran Faro ana koyar da shi, akwai masu shi a arewacin Jamus, amma ba za su bar ka ka gwada ba. Rabin kalmar ma a maƙogwaro suke haɗiye ta. Hukuma ta buɗe maka ajin koyo, mai shago ya rufe maka baki.

Sai na tuna tsohuwar da nake sayen dankali wajenta a kasuwar Kaunas. Ba ta jin Turanci, sai yarenta da Rashanci. Ranar da na ce mata "ačiū", wato na gode, har gyara ta yi min. Mutanen Lituwaniya ba su kai miliyan 3 ba, amma yaren nan kamar ransu. Daga 1864 zuwa 1904 Rasha ta hana buga shi da haruffan boko, suka riƙa fasa-ƙwaurin littattafai ta kan iyaka. Ga kaya da araha, da kuɗin burodin nan sai in ci abincin rana a can.

Mu kuwa? Jiya na kira ƙanena a Kano na tambaye shi kuɗin mudun shinkafa, da Turanci ya lissafa min. Na ce ya faɗa da Hausa, sai da ya yi jim.

Gobe zan koma shagon. Na rubuta lambobin a tafin hannuna.