Gawayin kara da ake sayarwa a Njamena, yana ci amma sai da haƙuri

Salam jama'a, 'yan uwa mata da yawa suna tambaya a kan wannan gawayin da ake yi da karan gero da karan riɗi, wanda masu faransanci ke ce wa gawayin ekoloji, to ni dai na jima ina aiki da shi a gida, ina saye a wani shago can wajen Dembe. A taƙaice yana da kyau wajen girki mai daɗewa, amma idan kina sauri yara za su tafi lakwal wallahi kar ki dogara da shi, zai sa ki yi ta fifita har hannu ya gaji bai kama ba.

Yadda ake yinsa, ana tara kara da ɓawon gyaɗa da ganyen giginya a ƙona a cikin duro ba iska sosai har su zama baƙi, a niƙe, a kwaɓa da ruwan ƙaro, inji ya matse shi dunƙule-dunƙule a shanya a rana. Ƙaro kuwa ba mu rasa shi ba, Cadi na cikin manyan masu fitar da shi a duniya bayan Sudan. Kenan ba a sare bishiya ko ɗaya ba, shi ya sa ma jami'an gandun daji ba ruwansu da ke in sun gan ki da buhunsa.

In ya kama fa ya kama. Wake, ƙafar sa, ruwan tuwo, duk yana dafa su da zubi ɗaya ba sai kin ƙara ba, ba ya tartsatsi, hayaƙi kaɗan ne kuma gindin tukunya ba ya baƙi sosai. Maigida ma ya yaba da shi wurin shayi don wutarsa a hankali take ci, har shayi na uku bai mutu ba. Turaren wuta ne ban ji daɗinsa ba, akwai wani ɗan wari na ƙasa-ƙasa da yake haɗuwa da ƙamshin. Toka kuma abin ba a magana, sai kin riƙa kaɗe murhun in ba haka ba ta rufe wutar. Kuma ba irin gawayin itace ba ne da za ki yayyafa ruwa ki kashe ki ajiye na gobe, wannan ruwa na taɓa shi ya zama taɓo. Da damina na taɓa karɓo buhu a shagon rabinsa gari ne, na koma na yi magana yaron ya ce Hajiya haka yake zuwa, ko haƙuri babu. Don Allah kar a kwana da shi a ɗaki a rufe wai don ba hayaƙi, iskarsa na kisa kamar kowane gawayi.

Sai kuɗi, nan ne raina yake ɓaci. Tun ƙarshen 2008 gwamnatin marigayi Idriss Deby ta hana gawayin itace wai don a tsayar da hamada, waɗanda suka ga farkon 2009 sun san abin da aka sha, har kashin shanu da tsofaffin kujeru mutane suka ƙona don a dafa abinci. Ni ban ce dokar ba ta da dalili ba, duk wanda ya fita bayan gari ya ga yadda daji ya ƙare. Daga baya matatar mai ta Djarmaya ta fara aiki a 2011, gaz ya samu da tallafi, ƙaramar tukunya mai kilo 6 aka daɗe ana sayar da ita jaka biyu na sefa. To gaz yana da tallafi, gawayin sata yana shigowa a ɓoye, shi wannan na kara yana tsakiya ba mai riƙe masa hannu, ta yaya mai ƙaramin ƙarfi za ta zaɓe shi? Sai ranar da gaz ya yanke ana layi da tukwane a rana sannan kowa ya tuna da shi.

Kuma abin haushi, Afirka gaba ɗaya hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba, amma mu aka fara kashe wa murhu. A taron sauyin yanayi na Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dalar Amurka biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, wa'adin ya wuce ba su cika ba sai daga baya, a taron Baku a 2024 suka ce biliyan 300. Mutanen unguwar Walia ta nan Njamena da ruwa ya cinye gidajensu a 2022 a tambaye su me suka gani a ciki. Da ɗan abin da ake kashewa a otal-otal na tarukan nan za a sai wa masu yin gawayin nan inji da rumfar shanya, da farashin ya sauko kuma da ba a kawo mana shi a jiƙe ba.

Shawarata ki sayi kaɗan ki gwada tukuna, ki buɗe buhun a gaban mai shago ki ɗaga dunƙule ɗaya ki matsa, in ya marmashe a hannunki ki bar masa kayansa. Ki ajiye shi a kan katako ba a ƙasa ba, kuma ki tanadi 'yan ƙirare na hura shi, gaz ɗinki kuma ya zauna don koko da ruwan zafin safe.