Ella Fitzgerald a kan dandamali: faya-fayenta na Balin da na Hollywood

Na shafe kusan wata biyu ba abin da nake sawa a kunne sai Ella Fitzgerald, shahararriyar mawaƙiyar jazz ta Amurka, kuma ba waƙoƙinta na sitidiyo ba, na gaban jama'a, waɗanda aka naɗa tana tsaye a kan dandamali mutane na tafi. Wasu a CD nake da su wasu kuma a Spotify nake ji. To gaskiya abin da na gano shi ne duk wanda ya san Ella ta jerin Song Books kawai, wato faya-fayen sitidiyo da ta keɓe kowanne ga waƙoƙin marubuta guda, rabinta ya sani.

Kar a min mummunar fahimta fa, Song Books ɗin nan aiki ne na gani na faɗa. Guda 8 ne, daga na Cole Porter a 1956 har na Johnny Mercer a 1964, manajanta Norman Granz ne ya tsara su a kamfanin Verve da ya kafa a 1956 musamman saboda ita. Murya tas, kowace kalma ka ji ta fes, makaɗa cike da ɗaki. Amma akwai wata natsuwa da ladabi a ciki kamar mace ta je gidan surukai, komai a tsanake. A dandamali kuwa sai ta saki jiki.

Wanda ya fara kama ni shi ne Ella in Berlin, wanda aka naɗa ran 13 ga Fabrairu 1960 a zauren Deutschlandhalle. Mutum huɗu ne kacal a bayanta, Paul Smith a fiyano, Jim Hall a jita, Wilfred Middlebrooks a bas, Gus Johnson a ganga. Wajen ƙarshe ta ɗauko Mack the Knife, waƙar da asalinta a Balin ɗin aka haife ta a 1928 cikin wasan kwaikwayon Kurt Weill da Bertolt Brecht, kuma lokacin mawaƙi Bobby Darin ya riga ya cika gari da ita. Tun kafin ta fara ma ta faɗa wa mutane tana fatan za ta tuna baitocin. Ai kuwa tana tsaka da yi baitoci suka ɓace mata. Ni dai a wannan wurin na mayar da shi baya ya fi sau goma, don ina so in kama daidai inda ta rikice, wallahi ba ka jin ta yi tuntuɓe, kiɗa bai tsaya ba ita ma ba ta tsaya ba, kawai sai ta shiga ƙirƙiro nata baitocin nan take tana faɗa a cikin waƙar cewa ta manta, ta ambaci Bobby Darin da Louis Armstrong, can kuma sai ta maƙale murya ta koma irin ta Armstrong mai kaushin nan, kana jin dariya na neman ƙwace mata a maƙogwaro, zaure ya ɗauki sowa. Wannan faifan ya ciyo mata Grammy biyu. Kuma ko numfasawa ba ta yi sosai ba ta faɗa How High the Moon, inda take sikat, wato rera sauti ba kalmomi tana bin kiɗa da baki kamar ita ce ƙaho, minti wajen bakwai tana gudu tana tsinto guntayen wasu waƙoƙi tana jefawa ciki.

Abin da zan ce a rage masa shi ne tsawo. Asalin faifan gajere ne, kana fara jin daɗi ya ƙare. In za ka saya nemi bugun CD da aka ƙara wa waƙoƙi.

Sai The Lost Berlin Tapes, wanda ya fito a 2020. An naɗe shi ran 25 ga Maris 1962 a Sportpalast, watanni kaɗan bayan an gina katangar Balin a Agustan 1961, kuma tef ɗin ya yi shekara kusan 60 a ajiye cikin kayan Granz. Sautinsa ya ba ni mamaki, in ka sa iyafis kana jin bas a gefe guda ganga a gefe guda ita a tsakiya kamar kana layin gaba. Paul Smith da Middlebrooks suna nan, Stan Levey ne a ganga wannan karon. Ta sake yin Mack the Knife kuma baitoci sun zauna daram. Wadda ta fi min daɗi a ciki dai ita ce Hallelujah I Love Him So ta Ray Charles, ta gama mutane suka ƙi barinta sai da ta sake ɗauko ta. In aka ce in zaɓa tsakanin Balin biyun nan, na 1960 ya fi tarihi, na 1962 ya fi daɗin sauraro daga farko har ƙarshe, kuma shi na fi sawa.

Amma wanda ya fi zama min a rai shi ne Twelve Nights in Hollywood, akwati mai CD 4 da ya fito a 2009, waƙoƙi sama da 70 daga dararen da ta yi a wani ƙaramin kulob mai suna Crescendo a Los Angeles a 1961 da 1962. Nan ba zaure ba ne mai dubban mutane. Kana jin ƙarar kofuna, kana jin wani ya kira sunan waƙa daga teburinsa ta amsa masa, tana tsokanar mai fiyano Lou Levy, wani lokaci ta yi magana ƙasa-ƙasa da muryar nan tata siririya kamar ta yarinya mai kunya, sai kiɗa ya tashi ta zama wata daban. Waƙoƙin sanyi a nan suka fi fitowa, masu cewa wai Ella ba ta da zurfin baƙin ciki irin na mawaƙiya Billie Holiday su zauna su ji waɗannan tukuna. Matar da ta rasa uwa tana 'yar shekara 15, ta yi zaman gidan gyaran hali, ta yi kwanan titi a unguwar Harlem ta New York kafin ta ci gasar zauren Apollo a 1934, ba ta rasa abin baƙin ciki ba, kawai ba ta shanya shi a fili ne. Matsalar akwatin ɗaya, tsada da wuyar samu, kuma CD huɗu a zama ɗaya ya yi yawa, ɗaya a dare ya isa.

Ella in Rome ma yana da kyau, an naɗe shi ranar zagayowar haihuwarta 25 ga Afrilu 1958 amma bai fito ba sai 1988, Oscar Peterson ya shigo a waƙar ƙarshe. Ella at Zardi's na 1956 da ya fito a 2017 shi ma a ji shi, a nan za ka ga yadda take dab da fara aiki da Verve. Na Juan-les-Pins na 1964 a Faransa akwai inda ƙwari ke ta kuka a bishiyoyi suna damun wasan, ta juya ta ƙirƙira musu waƙa a take.

Na shekarun Pablo, kamfanin da Granz ya kafa a 1973, ra'ayina a rabe yake. Muryar ta fara nauyi, tana ɗan rawa a dogon sauti, ciwon ido da na suga sun fara taɓa ta. Wasu da aka naɗa a bikin jazz na Montreux a Suwizalan ban cika komawa kansu ba. Amma Ella in London na 1974 a kulob ɗin Ronnie Scott's, da Tommy Flanagan a fiyano da Joe Pass a jita, wannan kam ban yarda a tsallake shi ba, ta san abin da muryar za ta iya da wanda ba za ta iya ba sai ta zauna daidai wurin, kuma Flanagan yana bin ta kamar inuwa.

In kuɗinka na faifai ɗaya ne sayi Ella in Berlin. In ka riga kana da shi ɗauki The Lost Berlin Tapes, akwatin Hollywood kuma duk ranar da ka ci karo da shi kar ka yi ciniki da yawa.